Motar Ƙarfe Shida

Agogo muke ce masa, tun yana direba a babban kamfanin bas ɗin da ke ɗaukar rabin mutanen garin nan. Ni mai faci ne, rumfata tana bakin tasha. Shekara ashirin da biyu yana ajiye kofin shayinsa a kan injin iskata, ina faɗa, yana dariya.

Da kamfanin ya rushe aka ɗaure ƙofar garejin da sarƙa, mutane suka ce gari zai tsaya cik. Bai tsaya ba. Kafin wata ya ƙare ƙananan motoci sun cika tasha, har a rediyo aka ce babu abin da aka rasa. Sai dai bas ɗin kamfani da lokaci yake tashi, ko mutum biyar ne a ciki. Ƙaramar mota kuwa sai ta cika.

Hanyar da Agogo ya saba bi ta asibitin ƙoda take wucewa. Akwai mutum huɗu masu zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako, har da wata gwaggo mai ɗinki. Wanda ya makara sai a ɗora wani a injin wankin, shi kuma ya koma gida da kumburarrun ƙafafu ya jira wani zuwan.

Agogo ya karɓi tuƙin wata ƙaramar mota, ya ce shi ƙarfe shida na safe zai riƙa tashi. Ranar farko ɗan kamasho ya sha gabansa.

"Kai Agogo, kujera shida babu kowa! Ko aljanu ka ɗauka?"

"Su ma asibiti za su," ya ce. "Matsa, ɗan'uwa, kada in taka ka in ƙara makara."

Sau biyu mai motar yana korarsa, sau biyu yana aikawa a kira shi, don babu mai lallaɓa inji kamarsa. Shekara uku ya yi a haka. In na ce, "Abokina, ka riƙa hutawa mana," sai ya ce, "Kai dai duba min tayar baya."

Zazzaɓin kwana huɗu ya yi. Da hannuna na sa shi a kabari. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta.

A wajen zaman makoki direbobi suka yi alkawarin karɓa-karɓa, kowa da ranar da zai tashi ƙarfe shida. Sun riƙe alkawarin mako biyar.

Jiya na tarar da gwaggo zaune a mota har bakwai da rabi, jakarta a cinya, ana jiran mutum biyu. Na rufe rumfa na shiga na zauna, na jawo wani mai gyaran takalmi ya cike ɗaya kujerar, mota ta tashi. Da ƙyar ta sami injin. Ranar Alhamis za ta sake zuwa, kuma mai gyaran takalmi ya ce shi ba zai iya barin aikinsa kullum ba.