Taki a Gonar Maigidana

Shekara goma sha huɗu maigidana ya yi yana aikin allurar dabbobi a ƙasar Isa. Ba likita ba ne. Shi ne mai kama saniya, ya murɗe mata wuya, ya danne ta har a tsira mata allura, kuma shi ke goya akwatin ƙanƙarar magani a bayan babur zuwa rugage. Amma Fulanin Turba Dakta suke ce masa, shi kuma bai taɓa hana su ba. Gidan haya muke zaune da 'ya'yanmu huɗu. A nan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Shi ya sayo mini littafi da fensir, bayan la'asar ya duba mini rubutu, yana dariyar yadda nake juya harafi baya.

Ranar da aikin ya tsaya, tara su aka yi aka ce masu ɗaukar nauyin aikin sun janye, kowa ya ajiye babur da akwati, za a neme su. A ƙasa ya dawo gida. Ya zauna bakin gado bai cire takalmi ba, ya ce mini, "Za a neme mu."

Yana da gona a ƙauyensu, kusa da Gangara, gadon mahaifinsa. A bakin gari take, daga ƙofar gida ana hango gawon da ke tsakiyarta. Da ya samu aiki sai ya ba ƙanensa aronta. Ƙanen yana da tasa gonar, amma can nesa cikin daji, inda a 'yan shekarun nan babu mai zuwa saboda mutanen da ke riƙe da dajin.

A wajenmu mai gona yana iya karɓar gonarsa daga mai aro bayan an kwashe amfani. Sai dai in mai aro ya riga ya zuba taki. In ya zuba, ba a taɓa shi sai ya ci damina biyu, don ƙarfin takin guminsa ne. Kowa ya san haka. Maigidana ma ya sani.

Da aka fara yankan gero a shekarar, na ce masa a hankali, "Malam, da ka tahi gida ka yi maganar gonag ga tun ba a makara ba."

Ya ce, "In na nemi gona, ai na ce aiki ya mutu ke nan. So kike a ce Dakta ya koma riƙon hauya?"

Kullum da safe sai ya sa rigarsa ta aiki ya tafi bakin ƙofar ofishin, su zauna da 'yan'uwansa ma'aikata a kan benci. Da farko suna da yawa. Wasu suka tafi kudu, wani ya koma acaɓa, wani ya rasu. Har damina ta zo ta wuce shi kaɗai ke zuwa, mai gadi ma ya daina amsa masa sallama da kyau. Muka sayar da gadon kwananmu, muka sayar da tumakina biyu. Da kaka ta zagayo, mai gidan haya ya nemi ɗakinsa, muka ɗaura abin da ya rage a bayan mota muka koma ƙauye.

Ƙanen nasa ne ya tarbe mu a bakin hanya. Akwai wasa tsakanina da shi, kamar kowace mace da ƙanen mijinta. Yana ganina ya ɗaga murya, "Maraba da matar birni! Ina hwata kin taho da injin niƙanki, mu nan turmi muke daka."

Na ce, "Ai kai za ni ba taɓarya, angona, tun da na ga ka yi ƙiba."

Aka yi dariya. Muka biyo gefen gonar da kaya a kai. Sai na ga maigidana ya rage tafiya. Turakun shanu ne a jere cikin gonar, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da kashinsu. Karan gero ma ba a gama kwashewa ba. Ashe tun ranar da ƙanen ya ji za mu dawo, ya nemo wani Bafulatani da ya matso bakin gari da 'yan shanunsa don tsoro, ya ce su riƙa kwana a gonar.

Maigidana ya kai magana gaban dattawa a zauren mai gari. Ni ban je ba, amma ya ba ni labari. Suka ce gona tasa ce, babu mai musu. Taki kuma na ƙanensa ne. Sai dai ya yi haƙurin damina biyu. Wani tsoho ya ƙara da cewa, "Bara ina kake, Dakta? Da ka zo bara, da ba mu zauna nan ba."

Damina biyu a baki ba ta da tsawo.

Ya gwada dako a kasuwar Sabon Birni. Samari suna ɗaukar buhu a guje, shi sai an ɗora masa, masu kaya suka daina kiransa. Ya bi wani ɗan kasuwa zuwa Nijar yana tsare masa kaya a mota, tafiya biyu aka ce an samu wani. Ya ce zai riƙa duba dabbobin mutane, amma shanun gari an kore mafi yawansu, kuma shi kamu ya iya, ba magani ba. Sunan Dakta bai bar shi ba, sai dai ya sake ɗanɗano. In ya wuce majalisa sai wani ya ce, "Dakta, jakina na tari, ko za ka murɗe mai wuya?" A kwashe da dariya. Shi ma ya yi, don kada a ce ya ji haushi.

A ƙofar gidansu maza suna cin tuwo tare bayan magariba, kowa a fito masa da kwanonsa daga ɗakinsa. Namu kwanon ya yi ta ƙanƙancewa, miya babu mai, wani lokaci kunu ne kawai na rufe da faifai. Rannan aka buɗe, wani ɗan baffansu ya ce, "Wanga na marar lahiya ne?" Daga ranar bai ƙara fita da kwano ba. A ɗaki yake ci, ya juya mini baya.

Ni ce nake ƙuli-ƙuli, ina sussuka da surfe a gidajen mutane, a ba ni tsaba ko dusa. In na dawo da abu a ƙwarya ba ya kallona. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba a Isa, sai ga shi yana faɗa a kan an bar buta a hanya. Wata rana ya tarar da ni ina koya wa babbar 'yarmu karatu da tsohon littafina, ya fizge ya jefa kan danga, ya ce, "Wanda yay yi aiki da masu takarda ma ga shi nan zaune." Da ya fita na ɗauko na kakkaɓe. Na san ba da ni yake ba.

Abu guda ya riƙe shi. Kowace safiya sai ya tsaya ƙofar gida ya dubi gawon nan. Yakan ce mini, "Saura damina guda." Daga baya ya koma cewa, "An kusa." Har ya sa maƙeri ya gyara masa hauyar mahaifinsa, ya sake mata ƙota.

Da aka yanke geron damina ta biyu, ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai tsayar da dattawa a danƙa masa gonarsa. A farkon makon nan wani mai jakuna ya zo neman wanda zai haƙe masa tsohon garken awaki a bayan gidan wani attajiri, a loda a mangala. Aiki ne da ko samari ke gudu, saboda wari da ƙuma. Gidanmu ranar babu ko tsaba. Maigidana ya ɗauki shebur ya bi shi. Kwana uku yana haƙa yana lodi, jakuna suna tafiya suna dawowa wayam. Bai tambayi ina ake kai wa ba. Ma'aikaci ne, ya saba a ce yi, ya yi. Manomi ba zai loda taki bai tambayi gonar wa ba.

Ni na gani. Ran Laraba na fito da tallan ƙuli, sai ga jakuna sun karya kwana sun nufi gawo, ƙanen mijina yana biye da su da sanda. Ya ce, "Matarmu, matsa jaki shi wuce."

Na ce, "Wanga wasa ya yi tsawo, angona. Yayanka hwa ke lodin nan."

Ya tsaya. Fuskarsa ta sake, babu sauran wasa. Ya ce, "Na sani. Ni nac ce a kira shi, ko ya samu na tuwo."

"Don Allah ka dubi ɗiyanai."

"Nawa ɗiyan hwa? Bakwai gare ni. Gonata tana inda kika sani, in na tahi ba ni dawowa. Shekara goma sha huɗu ina cikin ranag ga, shina aiko muna sukari da azumi. Yanzu sukari ya ƙare, sai in kwashe ɗiyana in kai su ina?"

Na koma gida na zauna da farantin a cinya. Da maigidana ya shigo da azahar, jikinsa duk taki, ya miƙo mini gero a ƙullin riga yana murmushi. Rabon da in ga haƙoransa har na manta. Sai da na bari ya yi wanka, ya yi salla, sannan na gaya masa.

Ran Juma'a zauren mai gari ya cika, don labari ya riga ya zaga. Wannan karon ina bayan danga tare da wasu mata, na ji da kunnena. Maigidana ya ce an yaudare shi. Mai gari ya tambaye shi, "Wa al loda takin?"

Ya ce, "Ni ne."

"An tilasta ka?"

"A'a. Amma ban san inda za shi ba."

"An biya ka?"

"An biya."

Mai gari ya ce to, taki ya shiga gona da hannun mai gona, a gaban jama'a, da rana tsaka. Ba su da abin da za su kira wannan in ba yarda ba. Damina biyu. Wani daga baya ya ce, "Dakta ya yi wa kainai allura." Zaure ya ɗauki dariya, har matan da ke kusa da ni sai da suka toshe baki. Mahaifiyarsu tana raye a lokacin, a ɗakin ƙanen take ci. Da na je gaishe ta da maraice, tasbaha kawai take ja, ta ce mini, "Dukansu ni na haihe su."

Ruwa ya sauka, gero ya tsiro a gonar baƙi-baƙi, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Lokacin noman farko ƙanen ya aiko ta bakina, wai in Yaya yana so ya shiga cikin 'yan ƙwadago. Na ɗauka zai ƙi. Sai ya ɗauki hauyar da ya gyara ya tafi. Kwana uku ya yi. A na huɗu ƙanen ya tare ni a bakin rijiya, ya ce, "Ki ce wa Yaya shi huta. Kowa ya kai ƙarshen kuyya biyu shina tsakiyar ta hwarko, yara na mai dariya. Ba ni son a raina shi."

Ni na kai saƙon. Yana ɗaura igiyar wando zai fita na ce masa an ce ya huta. Ya dube ni, ya ce, "Har yaushe?" Na ce ba a faɗa ba. Ya jingine hauyar a bayan ƙofa ya koma ya kwanta.

Gonar ta yi albarka a shekarar, sai da ƙanen ya ƙara rumbu. Da aka gama ɗaurin dammuna aka fitar da zakka, aka raba wa mabukatan gari: makaho, da wata tsohuwa marar kowa, da mu. Dami biyu aka ajiye mini a ƙofar ɗaki. Yarana huɗu suna tsaye suna kallon zangarniyar. Na san daga inda ta fito, na san sunan da aka kira ta da shi. Na ja dammunan ciki na sussuke.

Da magariba na kai masa tuwo, cike da kwano, irin wanda muka daɗe ba mu gani ba. Ya buɗe ya tambaye ni daga ina. Ban iya yi masa ƙarya ba, na ce zakkar gonar ce. Ya mayar da faifai ya rufe, ya ture kwanon da bayan hannu. Washegari ma haka, ruwa kawai ya sha. Ni dai ina kai wa, ina ɗaukewa, in ba yara.

A rana ta uku na ajiye na juya za ni fita, sai na ji ƙarar faifai. Na tsaya a bakin ƙofa ban waiwaya ba. Ya cinye tas, har ya suɗe kwano. Sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Akwai saura?"

Na ce akwai. Na je na ƙaro masa.

Damina biyun nan sun cika tuni, ƙanen ya sake zuba wani takin. Maigidana bai je zaure ba, bai kuma ƙara yi mini maganar gona ba.