Faifan Inna Ashatu

"Malama, bar mini ita. In kit tozarta ta gaban ƙanana, gobe da asuba da wace huska za ta tashe su salla?"

Ina aji ɗaya na ji wannan magana, ina shara bayan tagar ofis. Inna Ashatu ce ta faɗa wa wata sabuwar malama da ke son a tuɓe wata firifet a gaban taron makaranta. Malamar ta ce, "To Inna, na bar miki." Ni ko na tsaya da tsintsiya a hannu. Har yau maganar ba ta bar ni ba.

Inna Ashatu ita ce mai kula da ɗakunan kwana a makarantarmu ta 'yan mata a nan Sakkwato. Ba ta shiga aji, ba ta riƙe alli. Kafin ladan ya kira salla ta zagaya ɗakuna, ta taɓa goshin duk wadda ta kwana tana tari. Da hantsi tana madafa tana ɗanɗana miya, tana yi wa masu tuƙa tuwo tsiya. In la'asar ta yi sai ta shimfiɗa tabarma gindin dogonyaro, ta ɗauko faifai da shinkafa ta fara tsinta. Watan jiya ta aje aiki saboda gwiwa, ta koma wurin ɗanta a Gidan Dare. An yi mata ɗan taro, an ba ta atamfa da agogon bango. Ban ga wannan ya isa ba, shi ya sa na ɗauki biro, duk da ni ba mai yawan magana ba ce.

Duk wadda ta zauna makarantar nan ta san faifan Inna. In firifet ta yi kuskure, Inna ba ta ɗaga murya. Sai dai ta aika a ce, "Wance ta zo ta taya ni tsintar shinkahwa." Daga nesa ba ka ganin komai sai mutum biyu sun sunkuya suna fidda tsakuwa. Abin da anka faɗa a wurin, a wurin yake tsayawa.

Firifet ɗin da na ji ana magana a kanta sunanta Lantana. Ta sa yaran ɗakinta durƙuso cikin rana saboda bokiti ɗaya da ya ɓace, har wata ta suma. An kira ta faifai. Mun ga ta tashi ido ja wur. Washegari ita ta ɗebo wa yaran ruwan wanka a kanta, ta ci gaba da yi har yarinyar ta warke. Ba a tuɓe ta ba. Shekara na zagayowa ita ce hedigel, shugabar ɗalibai duka, kuma ba mu yi wadda ƙanana sunka so kamarta ba.

Inna, ke ce mai gyara ba fallasa. Ke ce kika san yarinyar da anka ba shugabanci yarinya ce ita ma, tana kukan gida kamar kowa.

Akwai ranar wake. Lokacin kuɗin mai ya shigo, kowa ya zama ɗan kwangila, mai kawo mana abinci ya sayi sabuwar mota, waken da yake kawowa kuma rabinsa ƙwari ne. Wata Laraba manyan aji sunka kife kwanoni, sunka fito fili suna buga langa. Mun ji labarin makarantun da anka turo wa soja anka rufe, kuma jarrabawa ta matso. Inna ta fito da buhun waken a bayan mai gadi, ta sa anka zube shi tsakiyar fili, ta zauna da faifanta.

"Wadda ta iya bugun langa ta iya tsinta," ta ce. "Ku zo mu ga iyakar abin."

Firifet sunka fara zama, saura sunka bi. Da anka gama, ƙwari da tsakuwa sun cika kwano. Inna ta miƙa wa hedigel ɗin shekarar, ta ce, "Tashi mu tahi wurin shugaba. Ke za ki yi magana, ni rakiya ni zo." Haka anka yi. Inna ta tsaya bayanta ba ta sa baki ba. An canza ɗan kwangila, ba a kori ko ɗaliba ɗaya ba.

A ranar na fara tunanin ashe shugabanci abu ne da ake koya, kamar saƙa. Yanzu na gama sakandare, kuma na samu gurbi a kwalejin koyon sha'anin mulki. Tun da anka kafa sababbin ƙananan hukumomi ake biɗar ma'aikata, mata ko ba su da yawa. Burina in yi karatun, in dawo in yi aiki a ɓangaren mata da yara, wata rana in riƙe sashe. Babana, mai sayar da yadi ne a Ƙofar Dundaye, ya ce ya ba ni zaɓi. Yayana Tukur shi ne bai yarda ba. Ya samo mini aikin buga tafireta a banki.

"Mulki?" in ji shi. "Sadiyatu, ke da ko mai nono ba ki iya tayawa? Mulki na hannun masu kaki. In shi kike so sai ki biɗi bindiga."

Na yi dariya tare da kowa. Amma dole in ba da amsa kafin wata ya ƙare, ko kwaleji ko banki, kuma akwai abin da ke riƙe ni wanda Tukur bai sani ba.

Ina aji biyar Inna ta sa anka ba ni shugabancin ɗaki. Ni ba ni iya tsawa. In zan tashi yara da asuba sai in bi gado gado ina taɓa ƙafafunsu. Sau da yawa ɗakinmu ke zuwa ƙarshe wurin layin koko. An taɓa duba tsabta munka zo na baya. Na zauna ina jiran aike, har na wanke hannu. Ba a aiko ba. Shekarar ta ƙare kowace firifet ta zauna faifai, wasu har sun gaji da zuwa, ban da ni.

Ƙawata Rabi, wadda kusan kullum tana gindin dogonyaro, ta ce mini, "Ke dai ko waliyyiya ce, ko Inna ta ga ba riba ta ɓata yawunta." Wasa take yi. Ni ban ɗauke shi wasa ba. Na san ba waliyyiya nake ba. In Inna, wadda ba ta fid da rai ga Lantana ba, ta dube ni ta ga babu abin gyarawa don babu abin da zai fito, to me zan je nema a kwaleji?

Ko mece ce amsar, godiyata ba ta canzawa. Inna, mun gode. Ɗiyan mutane sun shigo hannunki ba su iya ɗaura zane ba, sun fita suna riƙe da asibiti da aji da gida. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya saka miki da Aljanna. Ku kuma da Allah Ya ɗora bisa wasu, ko ofis ne ko shago ko madafa, in na ƙasa da ku ya yi kuskure, ku ja shi gefe. Ku bar masa fuskar da zai dawo aiki da ita gobe.

Jiya da la'asar na je Gidan Dare. Na iske ta a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu, jikoki na tsallake su.

"A'a, Sadiyatu mai shiru. An ce za ki zama Di'o. In kin hau kujera ki sa a gyara muna lambatun ga, sauro ya hana mu sakat."

"Inna, ban ma tahi ba."

"To mi kike jira? Mota?"

Surukarta ta kawo shinkafar tuwon dare a faifai, Inna ta jawo ta gabanta. Na matsa ba tare da an ce in matso ba, na sa hannu. Munka yi ta tsinta, tana ba ni labarin tsadar mai da gishiri. Na fidda tsakuwa, na sake fiddawa, har na fara fidda shinkafa mai kyau. Ta dubi hannuna, ta dube ni.

Na ce, "Inna, shekara guda ina riƙe da ɗaki. Mi yas sa ba ki taɓa aiko a kira ni ba?"

Abin da ta ce mini, a bakin faifan ya tsaya.