Ranar da Muka Ƙirga Ƙiftawar Fitilar Mota

Tsohuwar motarmu 'yar Japan ta girmi 'yarmu ta fari, amma ba ta taɓa kwana da mu a hanya ba. Da ita muke kai masara Malumfashi daga Ƙarfi, da ita muke zuwa coci ran Lahadi.

Wata kaka, ana saura kaɗan a yi godiyar amfanin gona a cocinmu, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Motar ta fara wuyar tashi da safe, ga baƙin hayaƙi, ga shan mai. Bakanikenmu ya duba, ya ce shi dai ba zai yi ta canza kaya a kan zato ba, gara in kai ta Zariya a sa mata kwamfuta. Ni kuwa ga masara a ƙasa.

Na kira ƙanena, wanda ya daɗe yana jan irin motar tsakanin Funtuwa da Dandume. Ya ce irin waɗannan tsofaffin da kansu suke faɗin ciwonsu. Ya kwatanta mini wani ɗan akwati baƙi a cikin bonet, da ramuka biyu da zan haɗa da guntuwar waya. Sai a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a ƙirga ƙiftawar fitilar.

Wayar ta ƙi zama sai na riƙe ta, don haka matata ta bar wankinta ta shiga mazaunin direba, wurin da ba ta taɓa zama ba. Ƙanena yana ta tsokanarta ta waya, wai kada ta kai mu Kano. Ta ce ya yi mata shiru tana aiki.

"Baban yara, sau biyu ta ƙifta, ta huta, ta sake biyu," in ji ta.

Na ce ta sake dubawa. Ta ce idonta ya fi nawa, kuma gaskiyarta ne.

Ƙanena ya ce wannan lamba ashirin da biyu ke nan, wato matsalar tana wajen abin da ke auna zafin ruwan inji. Da bakaniken ya bi layin, abin lafiyarsa lau, ɓera ne ya gwigwiye wayarsa. Kusa da rumbu nake ajiye motar tun da aka fara girbi. Bakaniken ya haɗa wayar, ya naɗe da baƙin salatif, fitilar ta mutu.

Ran godiya muka loda buhun masararmu da dammunan dawa na maƙwabciyarmu, ita da jikokinta suka matsu a baya. Da aka tashi daga coci, na ji matata a gindin dalbejiya tana ba matan zumunta labari, har da kwaikwayon ƙiftawar da yatsu. A bakinta ita ta gyara motar, ban kuwa musa ba. Da aka gama sussuka ta ce in fara koya mata tuƙi a filin makarantar firamare, muka fara.