Mujalladi na Huɗu da Gara ta Cinye

Ana sallame sallar asuba muka tashi zuwa filin jirgin Kano, ni da 'yata mai karatun haɗa magunguna a Alƙahira. A bakin mutane, rakiya na yi mata bayan hutu. Gaskiyar magana kuwa, littafi na je nema.

Marigayi malamina na Larabci ya bar mini wani tsohon littafin labari na mutanen Rasha, fassarar Larabci, mujalladi huɗu. Na karanta uku, na ajiye na huɗun sai an yi hutu. Da damina ta wuce na buɗe akwati, na tarar gara ta riga ni. Shekara goma sha tara ke nan ban san yadda labarin ya ƙare ba. 'Yata ta sha nuna mini shi a waya, amma wata fassara ce daban, idona kuma ba ya jure hasken waya. A jirgi ta sake tsokanata: "Baba, littafin da mutum ɗaya yake da suna uku, kuma sai an yi shafi ashirin ba a gama shan shayi ba? Ai ku ne ƙarshen masu karanta irinsa." Na yi dariya, amma maganar ta sosa mini rai, don ina tsoron kada ta zama gaskiya.

A Giza muka sauka, kusa da makarantarsu. Direbobin ƙananan motocin garin ba su san birki ba, hon kawai suka sani. Tsallaka titi kuwa, ni da na riƙe hannun yarinyar nan na kai ta firamare, yau ita ke jan hannuna tana cewa, "Yalla, Baba, kada ka tsaya!" Na ci koshari, wato shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya. Da farko na raina shi, washegari da kaina na nemi ƙari, ga shi da araha.

Rana ta uku muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Ataba, inda kasuwar tsofaffin littattafai take. Na tafi da tabbacin cewa zan tarar da littafina yashe cikin ƙura, tunda an ce ba mai so. Rumfa tara na shiga, kowa sai ya girgiza kai ya ce, "Khalas, ya ƙare." Wani ma ya ce ɗalibai ne ke kwashewa. Na ɗauka daɗin bakin 'yan kasuwa ne.

A rumfa ta goma na hango shi, da koren bangon nan da na sani, huɗun a ɗaure da igiya. Na ce wa dattijon mai rumfar na huɗun kaɗai nake so.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajji," ya ce, "ba na raba 'yan'uwa."

Ashe ƙa'idar kasuwar ke nan: ba a cire ɗaya daga cikin jeri, don ragowar ba za su sayu ba. Kuɗin huɗun kuwa ya fi abin da na ware, ga uku ina da su a gida. Na roƙa, na yi fushi, na ba shi labarin gara, na sha shayinsa har kofi biyu, dattijon nan ko gezau.

Muna cikin haka sai ga wata budurwa sa'ar 'yata, ɗalibar injiniya, da abin jin kiɗa a kunne. Ko zama ba ta yi ba ta tambaye shi ko ya sauya ra'ayi. Ashe mako uku tana zarya: tana da na ɗaya da na huɗu, na biyu da na uku take nema, kuma ta rantse ba za ta leƙa ƙarshen ba sai ta bi ta tsakiya. Kafin ka ce me, mun shiga gardama a kan jarumin labarin. Ita ta ce matsoraci ne, ni na ce ta bari ta kai shekara hamsin tukuna. Muka ɗaga murya kamar a kan wani maƙwabcinmu muke magana. 'Yata na gefe tana kallonmu.

Dattijon ya shafa gemu ya ce, "Uku sun samu gida. Saura na ɗaya. In ba mai ɗauka, igiya ba ta kuncewa."

"Ni zan ɗauka, Baffa," 'yata ta ce wa dattijon, ba tare da ta kalle ni ba.

Wallahi da ba don girma ba da na taka rawa a kasuwar nan. Dattijon ya ce "Tamam, ya yi," ya kunce igiyar da kansa, ya miƙa wa kowa rabonsa.

A jirgin dawowa na buɗe littafina. Ban san an raba abinci ba, kuma kafin mu sauka Kano na goge ido sau biyu. Washegari da la'asar na kai shafin ƙarshe a ƙarƙashin bishiyar mangwaron gidana, na yi wa malamina addu'a.

Na tafi ina ganin ni kaɗai na rage, na dawo na san mai son labari ba ya ƙarewa, ko da kaurin littafin ya kai bulo. Bayan kwana goma saƙon 'yata ya shigo: "Baba, har yanzu sunayensu na rikita ni. Amma ka ba wani mai zuwa nan naka na biyu da na uku ya kawo mini. Kuma don Allah kada ka faɗa mini ƙarshen."