Mai Mayar da Duwatsun Kilwa

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba. Amma yau Mzee Shamte (Mzee ita ce dattijo a bakinmu) zai ajiye aikin kula da kufan garinmu Kilwa, kuma ban ga wanda ya ɗauki alƙalami ba.

Kullum da hantsi, in teku ta janye, yakan bi gindin tsohuwar fadar sarakunan Kilwa yana tsintar fasassun tangaran na Sin. Sai ya ɗaga guda ga rana yana dubawa, kamar yana hango jiragen da suka kawo shi, iska na turo su a hankali.

Da ƙuruciya duwatsun kufan nan yake ƙonawa ya yi farar ƙasa, kamar kowa. Wata rana ya juya wani zai jefa a wuta, sai ga Bismillah an sassaƙa. Bai sake hura wutar ba. Shekara talatin yana bi gida-gida, yana roƙon a mayar da abin da aka kwasa.

Kai ne mai ɗinke bango, Mzee. Kowa ya ga ka tada ƙaramin masallacin bakin ruwa dutse bayan dutse. Saura na tsakiyar bakan mihirabi. Katako ne ke tallafe da wurin, gara kuma tana ci. Dutsen yana ƙofar gidanmu, a kansa kakata Bi Mwanahawa take zama kankarar kwakwa.

Duk ran da Mzee ya zo sai ya ce mata, "Mwanahawa, sauka daga kan masallaci."

"Tafi can, tsoho. Sarakunan naka su zo da kansu."

"Sun zo, kin ce ba kya nan."

Yau a gindin kuka ana ta yabonsa, shi kuwa idonsa na kan mihirabin. Can sai ƙarar baro. Kaka ce, ta turo dutsen tana haki.

"Ga kayanka, kar ka mutu a ce ni ce. Amma ka sassaƙo min kujera."

Ya durƙusa yana shafa dutsen.

Mun gode, Mzee. Masu irin wannan dutse a gida, kun ga hanya.

A bayan kuka na ƙarasa rubutun nan. Zan bar shi bakin tabarma in sulale, kafin a tambayi wanda ya aro wa Kaka baro.