Ranar da Na Kashe Wutar Uwar Maigidana

Shekarun baya na taɓa kashe wa wani Bayahude wutar da ya kunna don mahaifiyarsa da ta rasu. Da yatsu biyu na kashe ta, ina ganin aikin kirki na yi.

A lokacin ni kuku ne a Birnin Kudu. Wani kamfani ne ya zo haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Gwaram, maigidan nawa shi ne mai gano inda ruwa yake. Dattijo ne gajere mai sanƙo, rana ta gasa shi ya yi ja kamar sabuwar tukunya. Ya daɗe a Arewa, yana jin Hausa daidai gwargwado. Kowa Bature yake ce masa. Direbansa, wanda abokina ne, shi ya faɗa min ba Nasara ba ne, Bayahude ne. Na ce to. Ni dai na ga ba ya haɗa nama da madara, ranar Asabar kuma ba ya shiga mota. Sauran ba ruwana.

Ba na son magana a shekarun nan. Shekara huɗu kafin in fara aikin, sanƙarau ya shiga ƙauyenmu Surko da bazara, ya ɗauke min mata da 'ya'ya biyu cikin mako guda. Na binne su, na ja ƙofar ɗakin, na taho. Duk wanda ya ɗauko zancensu sai in miƙe in bar masa wurin. Mahaifiyata ma ta gaji ta daina. Maigidana bai taɓa tambayata daga ina nake ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Haka muka zauna lafiya.

Wata Talata na zo aiki da safe, ya riga ya tafi garin Sara shi da direba. Na shiga share falo, sai ga kyandir cikin wani ɗan kofin gilashi yana ci a kan taga, gari ya waye tangararan. Labule yana ta kaɗawa kusa da shi. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa mutumin nan, wata rana sai ya ƙone mana gida. Na lashi yatsu na murje lagwanin.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ga kofin yana da kyau. Na sa wuƙa na ƙwaƙule kakin tas, na hura gawayi da shi, na wanke kofin na kife cikin kofunan shayi. Gawayin kuwa ya kama nan da nan. Har na ƙudura zan tambaye shi inda ake sayar da irinsa.

Da la'asar suka dawo. Ko takalmi bai cire ba ya nufi taga. Ya tsaya. Can ya ce, “Kuku.”

“Na'am, Maigida.”

“Ina wuta?”

“Na kashe. Labule ya kusa kamawa.”

“Kofin fa?”

Na je na ɗauko masa, yana ƙyalli, ina jiran a ce sannu da aiki. Ya karɓa, ya leƙa cikinsa, ya daɗe yana leƙawa kamar mai duba rijiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce, “Shi ke nan, jeka.” Ya zauna a kujera da kofin a hannu. Abincin da na ajiye ko buɗewa bai yi ba.

Na fito na sami abokina direba yana wanke mota. Ya ce, “Mutumin Surko, me ka yi wa tsoho? Na ga ya yi shiru.”

Na faɗa masa. Ya saki tsumman a ƙasa.

“La'ilaha illallahu! Kai dai tsaftar nan taka ita za ta kai ka ta baro. Wutar uwarsa ce!”

“Uwar tasa tana ina?”

“Tana lahira, sakarai. A ina kake so ta kasance, a Sara?”

Ya ce bara ma ya ga ya kunna, kafin a ɗauke ni aiki. Al'adarsu ce. Sau ɗaya a shekara, ranar da mutum ya cika, sai nasa su kunna masa wuta daga faɗuwar rana zuwa faɗuwar rana ta gaba. Daga ƙasarsu yake tahowa da kyandir ɗin, guda ɗaya tak. Ya ce, “Tun hantsi yake duban agogo yana cewa mu koma da wuri. Ashe kai kana nan kana dafa shinkafa da ita.”

Na ce, “Ba tsafi ba ne?”

“Ka taɓa ganin matsafin da ko kaza ba ya yankawa? Tunawa ce kawai.”

Na ɗaga kai na dubi rana. Ta sauko kan darbejiyar ƙofar gida. In ta faɗi, ranar tsohuwar ta wuce ba wuta, sai kuma baɗi. Mutumin da na baro a falo kuwa ban tabbata zai ga baɗi ba.

Direba ya ce in ruga kanti in sayo kyandir. Na ce wanda zafi ke lanƙwasawa tun kafin a kunna? Ɗakin da nake kwana ba nisa. Na je da gudu na ɗauko aci-bal-bal ɗina, na goge ta, na zuba man gyaɗa daga kicin, na murza auduga na yi lagwani. Direba yana kallona yana girgiza kai.

“Aci-bal-bal za ka kai wa Bature? Wallahi yau ka fara ɗaure kayanka.”

Na shiga na ajiye ta a gabansa da ashana. Na ce, “Maigida, ban sani ba. Ga wannan. Rana ba ta faɗi ba.”

Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, “Mai ne?”

“Man gyaɗa.”

Ya ce kakanninsa ma da mai suke yi kafin kyandir ya zo. Ya zaro wata 'yar hula daga aljihu ya ɗora a tsakiyar kai. Sai a ashana ta uku ta kama. Ya yi wasu kalmomi da yarensu. Na juya zan fita, ya ce, “Zauna, Kuku.” Ban taɓa zama a falon nan ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

Yadda ta mutu a magana ɗaya ya gama shi. Lokacin babban yaƙin ƙasar Turai, da ake kashe Yahudawa, aka kwashe su, ita da ƙannensa mata biyu, shi kaɗai ya tsira. Ba kabari. Ranar ma shi ya zaɓa, ranar da aka raba su. Daga nan bai sake komawa kai ba. Ya ce a wurinsu dangi ne ke taruwa, a kira sunan mamaci a wurin ibada, kowa ya faɗi abin da ya tuna na rayuwarsa. A nan kuwa ba shi da wanda zai faɗa wa. Bara bango ya faɗa wa.

Sai ya fara. Ya ce miyarta kullum gishiri ya yi yawa, in an yi magana ta ce gishirin bana ne ya cika ƙarfi. Ɗinki take yi, bakinta cike da allurai, a haka take yi musu faɗa ba mai gane me take cewa. Tana son waƙa, muryar kuwa ba daɗi, in ta fara maƙwabta sai su rufe taga. Yana faɗa yana dariya, hawaye yana bin gemunsa. Ni ma na ji na yi dariya.

Can ya ce, “Kai fa? Naka?”

Na san direba ne ya kai masa labarina. Na ce, “Sun rasu.”

“Na sani. Da suna da rai fa?”

Ƙafata ta so ta miƙe kamar kullum. Amma mutumin da ka kashe wa wutar uwa ba ka tashi ka bar shi da tambaya a baki. Na ce matata tana tsoron kwaɗo, da damina sai na raka ta bakin randa. Na ce babbar 'yata ba ta yarda kowa ya zuba min ruwan alwala sai ita, rabi a hannuna rabi a wandona. Ƙaramin kuwa kowace dabba akuya yake ce mata, har raƙumi. Ya ce sunayensu fa? Na faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Shekara huɗu bakina bai furta su ba. Muryar ma kamar ba tawa ba.

Muna nan aka kira magariba. Ya dubi taga, rana ta faɗi, aci-bal-bal tana ci. Ya ce, “Ta kai. Je ka yi sallarka.”

Juma'ar makon na hau mota zuwa Surko. Na zauna kusa da mahaifiyata tana tsince wake, na ce, “Inna, wane suna yarinyar nan take kiranki da shi?” Ta rufe fuska da gefen zane. Da ta buɗe kuwa, har waken ya ƙare ba ta gama ba ni labarinsu ba.

Ni Musulmi ne, ba na kunna wa mamaci wuta. Addu'a da sadaka muka sani, kuma ban taɓa fasa yi musu ba. Amma a da makon mutuwarsu kaɗai nake riƙe da shi, na bar shekarun da muka yi tare suna ruɓewa a ɗakin da na rufe. Wannan ne tsohon ya gyara min, bai kuma ce min ga darasi ba.

Da aikin rijiyoyin ya ƙare ya tafi, ban sake jin labarinsa ba. Na san ƙasa ta daɗe da rufe shi. Bai taɓa ce min yana da ɗa ko jika ba.

Yanzu ina Gwaram, bayan kasuwa. Na sake aure, na aurar, gwiwa ta hana ni aikin tsaye. Wani lokaci ina zaune a ƙofar gida sai in tuna, wataƙila duk duniya ba wanda ya rage da ya san miyar matar nan gishiri ke mata yawa sai ni.