Ranar da Yaya Garba Ya Ba Kyamara Lambar 'Yarsa

Duk wanda ya taɓa zama a falon Yaya Garba a Nassarawa GRA ya san ba a tambayarsa waifai, wato intanet ɗin gida, haka kawai. A gidajen mutane kalmar sirri ake faɗa maka, ka danna, shi ke nan. A gidan wana kuwa, wayarka za ka miƙa, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya dube ka sama da ƙasa kamar ka zo neman aure, sannan ya ce, "Kwana za ka yi ko wucewa?" In ka ce wucewa, sai ya mayar maka da wayarka, ya ce a kawo maka zoɓo.

Ni ƙanwarsa ce, Binta, malamar firamare a Tudun Wada. Ban san komai a harkar kwamfuta ba sai abin da ya ɗura mini dole. Shi kuwa aikinsa ke nan har ya yi ritaya, haɗa kwamfutocin ofisoshi da otal-otal, da rubuta manhajar da ke karanta adireshinsu. Iyakar abin da na gane, duk na'urar da za ta hau intanet ɗin gida sai an ba ta lambarta, kamar ɗakunan gidan haya. Rauta, akwatin nan mai ƙyafta fitilu, ta iya raba lambobin da kanta, amma Yaya ya kashe mata wannan aikin. "Ina raye akwati zai raba mini gida?" in ji shi.

Lambobi goma sha shida ya yanka wa gidan, cak. Ta farko ba a ba kowa, wai sunan gida ce. Ta ƙarshe ma haka, wai ta mai shela ce. Rauta ta ɗauki guda. Ragowar ya raba wa mutanen gida, da firinta, da talabijin.

Na ce, "Yaya, lambobin nan saye ake yi ne?"

"Kyauta ne."

"To rowar ta mece ce, fisabilillahi?"

"Tsari, Binta. Ke komai rowa. Tsari!"

Mutumin da zai yanka rago ya rabar har kai da ƙafa, amma a kan lamba sai ka rantse gadon ubanmu ake rabawa.

Tsarin nan ne ya haɗa shi da Zainab. Ita ce 'yarsa ta fari, don haka ba ya kama sunanta, sai dai ya kira ta da lambarta, Biyar. Ta gaje shi a aiki, ta kuma gaje shi a taurin kai, har da ƙari. Wata Sallah ta zo daga Kaduna da mijinta, gida ya cika da dangi, kowa na ɗaga waya sama yana neman sabis. Yaya ya fita gaishe-gaishe. Zainab ta janyo kwamfutarsa, ta faɗaɗa iyakar lambobin, ta sakar wa rauta mara ta yi rabonta. Nan take falo ya yi tsit, kowa ya sunkuya kan wayarsa.

Shirun nan ne ya tona asiri. Yaya na shigowa ya tsaya, ya dubi kawunan da ke sunkuye, ya wuce ɗaki bai ko cire babbar riga ba. Can sai muka ji ihu.

"Wane ne arba'in da bakwai? Ni ban haifi arba'in da bakwai ba!"

Zainab ta ce, "Baba, baƙi ne. Lamba ɗaya kawai na canja a saitin rauta, ashirin da takwas ta koma ashirin da shida."

"Kawai? Kin rushe katanga kin ce bulo ɗaya kika zare!"

Kafin la'asar ya mayar da komai yadda yake. Da ya tsaya nan da an yi dariya an wuce. Amma sai ya ɗauki biyar ɗin, ya ba sabuwar kyamarar da aka kafa a ƙofar gida. Zainab ta gwada wayarta ta ƙi hawa, ta duba, ta ga wanda ya gaje ta. Ta ɗauki jakarta, ta ce wa mahaifiyarta, Anti Rabi, "Tun da kyamara ce 'yarsa, ta riƙa gaishe shi." Ta tafi, kuma ba ta sake taka gidan ba. Sallah ta zagayo ba ta zo ba, ta haihu ma sai a hoto ya ga jaririn. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san yana kewarta, ita ma haka, amma kowa ya kafe.

Ni ce na hana shi sakat. Duk Asabar sai na je, in zauna a gabansa, in kira Zainab ta bidiyo da waifai ɗinsa, in ƙure murya. Shi kuma ya ɓoye fuska a jarida, kunne na wajenmu. Da ya gaji ya ce, "Binta, zan sauke ki daga layi."

"Sauke ni mana!"

Yana da wata 'yar manhaja da ya rubuta da kansa, in ya sa mata lambar mutum sai ta toshe shi. Tawa goma ce. To Yaya mutum ne mai son abu ya jeru reras, sai ya rubuta 010 don ta yi tsawo ɗaya da sauran. Ashe manhajar in ta ga sifili a gaba, sai ta bar ƙirgen goma-goma ta koma na takwas-takwas, 010 ta zama takwas. Takwas kuwa ta Inna ce, mahaifiyar Anti Rabi, surukarsa, wadda ke zaune a ɗakin baya tana sauraron wa'azi a waya daga safe har yamma.

Ni ina falo ina ta hira da Zainab lafiya lau, Yaya na leƙowa ta saman jarida yana mamaki. Sai ga muryar Inna: "Rabi! Malam ya yi shiru a tsakiyar hadisi!"

Wayyo Allah, ku ga Yaya! Mutumin da ko ido ba ya haɗawa da Inna, in ta fito tsakar gida sai ya bi ta bayan mota. Ya buɗe toshiyar a guje, amma Inna ta riga ta latse-latse wayar ta hargitsa komai, sai an gyara da hannu. Ga shi kunya ta hana shi shiga ɗakinta, Inna kuma ta ce wayarta ba ta fita. Haka ya tsuguna a bakin taga, yana faɗa wa Anti Rabi abin da za ta danna, ita tana maimaitawa da ƙarfi, Inna na gyara musu.

Na ce, "Yaya, ka yi kuskure ke nan?"

"Ni na yi daidai, manhaja ta yi daidai. Ƙirgen ne iri biyu."

Inna ta ɗaga murya ta ce, "Rabi, gaya wa mijinki ya mayar wa jikata lambarta."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Rabi, ki ce wa Inna an riga an bayar. Ba a ƙwace abin da aka bayar."

"Kyamara ce fa, Yaya!" na ce.

"Ita ma tana aikinta."

Ciwo ne ya zo ya kwantar da shi. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ja mu gefe, muka gane sauran. Ya rame, amma bakin na nan. Na roƙe shi ya faɗaɗa lambobin ko da kaɗan ne, ya ce in fita masa daga ido. Na fita ina kuka, don na ɗauka haka za su rabu. Washegari da hantsi ya aika a kira ni, ya ce yana kallon bango, "Ki gaya wa yarinyar nan an samu gurbi."

Ranar Zainab ta kamo hanya da ɗanta a goye. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa kamar jiya suka rabu, ya miƙa hannu. Ta ɗauka yaron yake so, ashe waya yake nufi. Ya sa tabarau, ya daɗe yana dannawa, sannan ya mayar mata. Wayar ta hau. Zainab ta duba lambar, ta ɗago.

"Baba, biyu? Ai wannan taka ce."

"Ni wa zan kira yanzu? Duk wanda nake nema yana ɗakin nan. Miƙo mini yaron."

Bai faɗaɗa ba, bai kuma ƙwace ta kyamara ba, tasa ya cire. Sauran kwanakinsa wayar Anti Rabi yake ara ya ji labarai, yana mita wai ta cika ta da hotunan atamfa, jikansa na barci a kan ƙirjinsa. Zainab ba ta koma Kaduna ba sai da muka yi masa addu'ar uku.

Allah ya jiƙan Yaya Garba, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Ya ba Anti Rabi da Zainab haƙuri, mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.